Shekara uku riƙe da makullin ɗakin maganaɗisu

A makon da na fara karatun digiri na biyu a fannin fiziks, malamin da ke duba aikina ya miƙo mini makulli guda ɗaure da igiyar leda, ya ce na wani ɗan ɗaki ne da ke can ƙarshen harabar jami'a, bayan gonar gwaji, inda ko masu neman wurin karatu a ɓoye ba sa zuwa. A cikin ɗakin akwai akwatin na'ura da baturan sola biyu da wata tsohuwar kwamfuta, daga nan kuma waya ta bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa wani rami da aka daɓe da siminti, inda aka binne abin da ke auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Wata jami'a ce ta ƙasar waje ta kawo na'urar kyauta, bisa sharaɗin cewa mu za mu kula da ita, bayanan kuma su riƙa isa gare su ta intanet. Na karɓi makullin raina a ɓace, domin ni a ganina binciken sararin samaniya magana ce ta roka da tauraron ɗan'adam, kuma ban ga abin da ya haɗa wannan da goge ƙurar hunturu daga kan allon sola ba.

Sai da na yi wata biyu kafin na gane dalilin da ya sa mutanen da suke da kuɗin harba na'ura sama suke roƙon ɗan fili a bayan gonarmu. Ikwaitar da aka koya mana a firamare tana kudu da mu, ta ratsa Gabon da Uganda da Kenya. Amma duniya tana da ikwaita ta biyu, ta maganaɗisu, wato layin da allurar maganaɗisu ke kwanciya sambal ba tare da ta sunkuya ba, kuma a Afirka ta Yamma wannan layi ya hauro zuwa wajen digiri 10 arewa, ya ratsa arewacin Najeriya. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, hasken rana yana caza iska, sai wani kogin lantarki ya riƙa kwarara gabas da rana, ya tumbatsa wajen tsakar rana, ya ƙafe da dare. An fara lura da alamarsa a tashar Huancayo ta ƙasar Peru, masanin Ingila Sydney Chapman ya raɗa masa suna a 1951, kuma Farfesa Cyril Onwumechili ya shafe shekaru yana nazarinsa tun daga Jami'ar Ibadan. Wanda yake Tokyo ko Landan ba shi da hanyar auna wannan kogi daga ƙofar gidansa, komai kuɗinsa. Abin da muke da shi a wannan ciniki ke nan: wurin zama.

Wannan buƙata ta juna ta girme ni nesa ba kusa ba. A 1957 zuwa 1958, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suke zaman doya da manja, ƙasashe 67 suka haɗu a shekarar nazarin duniya ta ƙasa da ƙasa, suka yarda a kan hanyar awo iri ɗaya da cibiyoyin ajiye bayanai da kowa zai iya ɗiba. Bayan shekara 50, a 2007, aka maimaita shirin da sunan rana da abin da ke kewaye da ita, Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara masa baya, aka rarraba ƙananan na'urori masu araha zuwa ƙasashen da taswirar awo ta daɗe da barinsu wayam. Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa na'urorinta na MAGDAS a Ilori da Legas da Abuja, na'urar CALLISTO ta ƙasar Suwizalan mai sauraron ƙarar rediyo daga rana ta bazu a nahiyoyi, shirin da ya gaji wannan kuma ya yi taronsa na biyu a Abuja a watan Oktoban 2011. Dalilin duk wannan ba ya da wuyar ganewa. Rana tana faɗuwa wa kowa, saboda haka wanda yake son ya sa mata ido dare da rana dole ya nemi abokin da gari ya waye masa. Shi ya sa shirin GONG ya dasa tashoshi shida, a Kalifoniya da Hawayi da Ostireliya da Indiya da tsibiran Kanari da Chile, ta yadda kafin rana ta ɓace wa ɗaya ta riga ta fito wa wata.

Darasin da ya fi zama mini a rai bai zo daga waɗannan manyan tsare-tsare ba. A zangon karatu na biyu na lura da wani tsalle a layin awonmu, wanda yake bayyana kusan kullum jim kaɗan bayan sallar isha'i, ya tsaya cak har asuba, sannan ya koma yadda yake. Na duba bayanan wasu tashoshi da ke kusa da tamu, babu mai irinsa. Zuciyata ta fara raya mini cewa na gano wani abu sabo, har na zana jadawali na kai wa malamina. Ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce ruwa ba ya tsami banza, amma kafin in ɗora wa sama laifi in je in kwana a wurin.

Na je. Wajen ƙarfe takwas da rabi sai ga Baba mai gadi ya turo kekensa, ya jingina shi a jikin murfin ramin, ya ɗaure da sarƙa da kwado, ya shimfiɗa tabarmarsa a gefe. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai nan ne kaɗai wurin da ƙasa ba ta da laima, kuma babu wanda ya taɓa ce mini akwai wani abu a ciki." Gaskiyarsa ce. Shekaru yana gadin wurin, baƙi sun zo sun tafi, an ɗauki hotuna, amma ba a sami wanda ya zauna ya gaya masa abin da yake gadi ba. Washegari na zo da ƙaramin kamfas na ɗora a tafin hannunsa, na matso da kwadon kekensa kusa, allurar ta juya. Ya maimaita da kansa sau uku yana dariya. Na ce masa abin da ke cikin ramin ya fi wannan allura jin motsin ƙarfe sau dubbai, kuma rana yake saurara. Daga ranar bai sake kawo ko fartanya kusa da wurin ba, kuma shi ne ya hana masu aikin gona ajiye tarakta a gefen. Bayanan wata huɗu na dare kuwa sai da na yi musu alamar gurɓata, na rubuta wa abokan aikinmu na waje dalili, abin da ya fi mini ciwo fiye da kwanan sauro.

Tun daga lokacin na daina ɗaukar wayar da kan jama'a a matsayin wani biki da ake yi bayan an gama aikin gaske, a raba riguna da huluna a watse. Na'urar da mutanen da ke kewaye da ita ba su san amfaninta ba, ko dai a ɓata mata awo cikin rashin sani, ko a wayi gari an kwance baturanta.

Akwai kuma abin da ban ji daɗinsa ba a haɗin gwiwar kanta, kuma ina ganin ya kamata a faɗe shi. Wata rana na ci karo da maƙalar da aka wallafa a wata mujallar kimiyya, wadda kusan rabin jadawalanta daga tasharmu suka fito, amma abin da muka samu shi ne layi ɗaya na godiya a ƙarshe. Da farko na ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da na huce na kai ƙara wurin malamina, sai ya tambaye ni sau nawa na buɗe bayanan da nake aikawa don in yi musu tambaya tawa ta kaina, ban da lokacin keken Baba. Ban sami amsa ba. Kwafin komai yana cikin kwamfutarmu, bayanan sauran tashoshi kuma ana samunsu ga wanda ya nema, hotunan jiragen nazarin rana suna nan kyauta a intanet. Abin da ya rage shi ne ƙwarewar karanta su, kuma wannan ba a aiko ta cikin akwati. Na shafe hutun damina ina koyon rubuta manhajar tace bayanai, sannan na rubuta wa ɗaya daga cikin marubutan maƙalar, na nuna masa ranakun da kogin lantarkin ya juya yamma da rana a tasharmu. Ya amsa cikin mutunci, muka yi aiki tare. Har yanzu ina ganin akwai rashin daidaito, domin mai kuɗi shi ke zaɓen tambayar da za a bi, kuma kuɗin wallafa maƙala ɗaya ko na zuwa taro yakan fi ƙarfin albashin malami a nan. Amma na koyi cewa tun ranar da za a sa hannu a yarjejeniya ya kamata a yi maganar horar da ɗalibai da kayan gyara da sunan wanda zai hau kan maƙala, ba bayan an binne na'ura ba.

A shekara ta biyu muka fara zuwa makarantun sakandare. Kuskurena na farko shi ne na tafi da hotuna masu rubutun Turanci da dogon jawabi, yara suka yi shiru irin na ladabi, wanda duk malami ya san ma'anarsa. A zuwa na gaba na bar allon majigi a gida. Muka fita fili da tabarau mai hangen nesa da farar takarda, na ja musu kunne sosai cewa wanda ya kalli rana ta cikinsa zai iya rasa idonsa nan take, sannan na juya shi yadda hoton rana zai faɗa kan takardar. Ga faifan rana fari tas, ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jikinsa. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta ce datti ne a gilashi. Na ce ta juya tabaran da hannunta, ta juya, ɗigon bai motsa daga wurinsa ba. Da na gaya musu cewa irin wannan tabo yakan fi duniyarmu girma, kuma yawansa yana hawa yana sauka kusan duk shekara 11, sai tambayoyi suka ɓarke har aka buga ƙararrawa ba wanda ya tafi. A nan ne nake ba su labarin jirgin SOHO, na haɗin gwiwar Turai da Amurka, wanda aka harba a watan Disambar 1995 yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan: an gano taurari masu wutsiya fiye da 5,000 a cikin hotunansa, akasarinsu kuwa masu sha'awa ne suka gano su daga gidajensu, ba ma'aikatan hukumomin da suka harba jirgin ba.

Ban taɓa samun matsala da malaman addini ba, sai dai inda na yi gaggawa. Ina yaro a Katsina lokacin husufin ranar 29 ga Maris, 2006, kuma ina tuna yadda gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, manya suka nufi masallaci. Wanda ya san hadisin da ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ba ya jin tsoron a gaya masa ranar da husufi zai faru da sa'arsa. Abin da mutane ba sa so shi ne yaro ya zo yana magana kamar shi ya fara ganin sama. Idan na fara da gaisuwa, na tambayi liman yadda suke lissafin zawali da inuwa, sai hira ta buɗe da kanta, kuma sau da yawa nakan tashi da abin da ban zo da shi ba.

Tambayar da ta fi yawa ita ce, ina ruwanmu da wannan alhali ga yunwa ga rashin wuta? Ba na ganin laifin mai yin ta. Nakan ce a ranar 13 ga Maris, 1989, guguwar maganaɗisu daga rana ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada na tsawon sa'a tara, mutum miliyan shida suka shiga duhu. A namu yankin kuma, bayan faɗuwar rana, iskar can sama takan yamutse ta rikita saƙon GPS, wanda jiragen sama da masu awon filaye suke dogaro da shi, kuma ƙasashen da ke kusa da ikwaitar maganaɗisu su suka fi fama da haka. Wasu sukan gamsu, wasu sukan yi murmushi kawai.

A ranar Alhamis, 9 ga Mayun 2024, masu hasashen yanayin sararin samaniya na Amurka suka yi gargaɗin cewa rana ta yi aman wuta a jere kuma yana tafe. Ni kuwa ina gida wajen jana'izar kawuna, hankalina rabi yana kan baturin da na san ya fara rauni. Guguwar ta iso ranar Juma'a wajen ƙarfe shida na yamma agogonmu, ta zama mafi ƙarfi tun ta 2003, har aka ga jan haske a sararin ƙasashen da ba su saba ganinsa ba. Da na dawo ranar Lahadi na buɗe kwamfutar hannuna yana rawa, sai na tarar da layin awo cikakke, babu giɓin ko minti ɗaya, ya yi tsalle da magariba sannan ya gangara ƙasa yadda ban taɓa gani ba. Baba ne ya ga jar fitila tana ƙiftawa ta taga, ya ɗauko makullin da na bar masa, ya mayar da wayar kan baturi na biyu kamar yadda na taɓa nuna masa. Yana tsaye a bakin ƙofa ina kallon allon, sai ya ce, "Malam, ranar ce ta yi aman?" Na ce ita ce, Baba. Ya matso ya sunkuya, ya bi layin da yatsa tun daga inda ya tashi har inda ya faɗi, sannan ya ce in buga masa shi a takarda zai nuna wa jikokinsa.