Laraba: ƙafa ta motsa, hankalina bai kwanta ba

Zagayen safe ya kai mu azahar. Matron na ta faɗa kan zannuwan gado, kamar kullum.

Maganar Alhaji ce ta tsaya mini a rai, wato wan mutumin gadon bakin taga. Ya tare ni a baranda fuska a sake: "Likita, alhamdulillahi, tun da aka fara maganin tibin nan ƙafar ta soma motsi, ciwon kan ma ya lafa." Na ce masa madalla Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi, amma gobe mu zauna. A tsaye ba za ta faɗu ba. Tare da ƙwayoyin tibi ana ba ƙaninsa dezametazon, shi kuwa aikinsa rage kumburi, ko tibi ne ya kawo shi ko ƙari. Saboda haka motsin ƙafar bai zama shaidar komai ba tukuna.

Ban ga laifin wanda ya fara da tibi ba, ko da yake ni ƙari nake zargi, wato tsiro a laka. A Kaduna in babba ya zo da ciwon baya, ƙafafu na mutuwa, ruwan laka cike da furotin, tibi za ka fara tunawa, kuma galibi ka yi daidai. GeneXpert, na'urar gwajin tibi, ma yakan ce babu alhali akwai. Sai dai tibin ƙashin baya yakan ci ƙashin da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan, a nan kuwa ƙashi lafiya lau. Ruwan da aka ɗiba rawaya ne, har ya daskare a kwalba. Na mai lafiya fari ne tas, furotin ɗinsa miligiram 15 zuwa 45 a desilita. Irin wannan rawayan yakan nuna wani abu ya tare hanyar ruwan daga sama.

Hoton da suka zo da shi daga waje na ƙugu ne kawai, ba allurar haska hoto. Kuɗi sun tafi. Laka tana ƙarewa ne daidai ƙashin ƙugu na 1 zuwa na 2, don haka hoton ƙugu wutsiyarta kaɗai yake nunawa. Abin da ake bukata MRI na kai da duk gadon baya, wuya zuwa ƙasa, kafin allurar gadoliniyam, wato ta haska hoton, da bayanta, a fara duba ƙoda kuma. Ba allurar, ƙarin da ya shafe tantanin laka kamar fenti ba ya fitowa sosai.

Da na ambaci DLGNT, wani ƙari da ba kasafai ake gani ba mai bazuwa a tantanin ƙwaƙwalwa da laka, ƙaramin likitanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, DLGNT ai ta yara ce." Gaskiyarsa, yawanci. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin ƙarin ƙwaƙwalwa da laka, a manya kuwa ɗaiɗai ake samu. Alamarta tantani ya yi kauri ya sha allura, ga ƙananan ƙulluttai masu ruwa a bayan laka, sau da yawa ruwa ya taru a kai. Abin haushi, a ɗibi ruwan laka a duba, a rasa ƙwayar daji ko ɗaya. Kafin a kai gare ta ma akwai waɗanda suka fi ta yawa a manya: dajin nono ko huhu da ya watsu a tantani, limfoma (dajin ƙwayoyin garkuwar jiki), ependimoma (wani ƙarin laka ko ƙwaƙwalwa). Tsokar da aka yanko aka duba ce kaɗai mai raba gardama, limfoma kuma dezametazon na iya ɓoye ta a gwajin. Shi ya sa nake so takardar tura shi asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ta fita da wuri. Maganin tibi na nan, ba mai tsayar da shi sai an tabbatar.

Kafin nan aikin da ke hannunmu: robar fitsari, tunda mara na cika ba ya ji, a juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, awon suga saboda dezametazon. In ciwon kai ya dawo da amai ko yawan barci, hoton kai nan take, kada wanda ya sake soka baya sai an gani.

Cunkoso a Kawo. Hajiya ta yi tuwon shinkafa, na ci rabi.

Gobe Alhaji zai tambayi kuɗin sabon hoton, ga shi ya riga ya sanar da mutanen Rigasa cewa sauƙi ya samu.