Bakaniken Suame a gefen fiffike

Shekara 17 ina kwance injin mota ina ɗaurawa a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, amma ban taɓa shiga jirgin sama ba sai da ƙanwata ta haihu a unguwar Nima da ke Accra, aka ce suna gobe. Tafiyar mota daga Kumasi zuwa Accra, kilomita 250 ko kusa, takan ci awa biyar ko shida idan hanya ta cushe. Na rufe ido na sayi tikiti.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, muka shafe awa biyu a zaune a filin jirgin Prempeh I na Kumasi. Na yi ta ƙorafi. Daga baya na gane matuƙi ba ya tashi idan hazo ya yi yawa har ya hana ganin titin jirgi, ko a nan ko a can inda zai sauka.

Kujerata na daidai fiffike, jirgin kuma mai farfela biyu. Kafin mu tashi sai na ga bayan fiffiken ya zazzago ƙasa kamar ƙofar da ƙusarta ta fita. Gabana ya faɗi. Na taɓa dattijon da ke kusa da ni, na ce, "Baba Alhaji, abin nan fa ya kwance."

Ya yi dariya. "Ɗana, da gangan ne. Ƙara wa fiffiken lanƙwasa ake yi don ya kama iska sosai."

Ni da nake ɗauka inji ke ɗaga jirgi, ashe turawa gaba kawai yake yi. Idan gudu ya haura kilomita 200 a awa, fiffiken ya karkata iska ƙasa, ita kuma ta tokare shi sama. Man jirgin ma a cikin fikafikan yake. Duk nauyin nan fiffike ke ɗagawa, shi ya sa suke awon kaya ba sani ba sabo. Buhun doyar da na so in kai wa mai jego a gida na baro shi.

Wurin sauka na sha wuya. Ina da mura, iskar cikin jirgi ta ƙara nauyi, kunnena ya toshe kamar ana soka tsinke. Baba Alhaji ya miƙo min cingam, ya ce in riƙa haɗiye yawu.

Minti 40 ba su cika ba tayoyi suka daki ƙasa. Daga filin jirgi zuwa Nima kuwa, go-sulo ya riƙe mu har aka kira la'asar.