Amare, ku daina ɓoye takardar gwajin jini

Ɗiyar ƙanwata tana da ciki wata uku. Na je duba ta, na tarar da ledar maganin awo a bayan kwanuka, ko ƙullin ba a kwance ba. Leɓenta fari fat, ɗan shara ta yi sai haki. Na tambaye ta gwajin da aka rubuta mata, ta ce, "Inna, ai na san ƙarancin jini ne, malt da madara nake sha." Wai kuma a TikTok an ce ƙwayoyin na sa jariri ya yi ƙato.

Raina ya ɓaci, domin ni ma haka na yi a cikina na biyu. Harshena ya yi ja ya yi santsi, ko ɗan yaji ba na iya sa wa a baki, ga kasala da jiri. Likita ya rubuta min gwaji, na ninke takardar na tura ƙarƙashin katifa. Kuɗin ya yi mana nauyi, maigidan kuma ba ya gari. A layin awo babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min aikin 'yar ƙwayar nan rawaya, wato folik asid, ƙwayar sinadarin folet da jiki ke buƙata don yin jini. A miƙo miki leda, a ce ta gaba. Amma kuma a watan na sayi atamfar biki, wannan ba zan ɓoye ba. Ganye kuwa ina ci, kullum miyar alayyafo ko zogale. Ina zan san doguwar dahuwa tana kashe sinadarin folet, mu da miya ke wuni a wuta, a kuma ɗumama ta washegari? Abin da jiki ke ajiyewa na 'yan watanni ne, ciki kuma janye shi yake yi. A wata na takwas aka kwantar da ni aka ƙara min jini. Sai a lokacin aka ga ƙwayoyin jinina sun yi manya-manya kuma yawansu ya ragu, folet ya ƙare.

Ɗana ya zo lafiya, alhamdu lillahi. Ta gadon kusa da ni nata ya zo da ƙullutu a gadon baya. Ba duk irinsa ne daga rashin folet ba, amma lakar bayan jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, tun mace ba ta gama tabbatar da ɓatan wata ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, sai na ga ba su kai haka ba. Gwajin PCV yawan jini kawai yake nunawa, ba ya faɗin dalili. Ko rashin sinadarin ƙarfe ne, ko folet, ko bitamin B12, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, duk "ba ki da jini" za a ce miki. Ki nemi a yi cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini, a auna folet tare da B12, domin folik asid na iya gyara jini ya lulluɓe rashin B12, jijiyoyi kuma suna ci gaba da lalacewa. Kada ki je kemis ki rubuta wa kanki magani. Kuna da kuɗin data kullum, kuna sauraron duk wadda ta kunna kyamara, amma na gwaji ne ba ku da shi?

Sai dai kuma kada ki jira gwaji. Da an sa ranar biki ki fara shan folik asid maikirogiram 400 kullum. Na san yanzu na hana shan magani da ka. Wannan ɗan awon daban ne, ki sha, ki kuma faɗa wa likita kina sha, don yana ɗaga sakamakon gwajin. Mai miligiram 5 kuwa ta masu sikila ce, da wadda ta taɓa haifar ɗa mai irin wancan ƙullutun, da masu shan wasu magungunan farfaɗiya, kuma likita ne zai ce. Mai ciki da ake ba Fansidar, maganin zazzaɓin cizon sauro, a awo kada ta ɗauki mai miligiram 5 ɗin da kanta, tana rage ƙarfin maganin zazzaɓin.