Zanen Cikin Bututun Fistol da Saitin Harsashi Mai Rami

Duk wanda ya taɓa leƙa bututun bindigar gargajiya, irin wadda maharbanmu na karkarar Sakkwato suke saɓawa, zai ga cikinsa sumul yake. Na fistol kuwa yana da zane mai murɗewa, wanda yake sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, kuma wannan juyi ne yake hana shi wuntsilawa a iska.

Zanen da aka saba da shi yana da kwari da tudu masu kaifin gefe, waɗanda suke cizon jikin harsashi. Kamfanonin Glock da Heckler & Koch kuwa sun yi suna da zane mai kusurwoyi marasa kaifi, wanda yake matse harsashi ta kowane ɓangare, har iskar albarushi ba ta cika sulalewa ta gefe ba. Harsashi mai rami a baki yawanci yana sanye da rigar jan ƙarfe, don haka yana tafiya daidai a kowanne daga cikin zanukan biyu. Dalma tsirara, wato harsashin da ba shi da wannan riga, ita ce take tara dauɗa a zane marar kaifi, shi ya sa Glock yake gargaɗi a kanta.

A ganina, ingancin ƙira da dacewar nauyin harsashi da saurin murɗin sun fi siffar zanen tasiri a kan saiti, ko da yake Glock ɗin kansa ya gyara zanensa a 2017 domin ƙara saiti.