Abin da Titunan Xi'an da Dutsen Huashan Suka Ƙara Mini a Karatun Tsara Birane

Na je birnin Xi'an da ke lardin Shaanxi na ƙasar Sin domin karatun digiri na biyu a fannin tsara birane, kuma watannin farko duk na shafe su ne tsakanin ɗakin kwanan ɗalibai baƙi da aji da ɗakin zane. A lokacin ina ganin hakan shi ne ƙwazo, domin na ɗauki yawon buɗe ido a matsayin abin da bai dace da wanda aka turo neman ilimi ba. Ranar da na gabatar da zanena na farko, wanda na tsara wani ƙaramin dandali a bakin titi, malamar da ke duba aikina ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni inda rana take faɗa wa wurin da ƙarfe uku na yamma a watan Disamba, da kuma inda tsohuwar da ta zo ɗaukar jikanta daga makaranta za ta zauna ta jira. Na ce mata, "Malama, na bi duk ma'aunan da ke cikin littafi." Ta ce ba ta musa ba, amma in rufe kwamfuta na mako biyu, in ɗauki littafin rubutu da alƙalami, in bi birnin da ƙafa, in dawo in gaya mata inda mutane suke tsayawa da dalilin tsayawarsu.

Na fara da ganuwar birnin, domin ita ce abin da kowane baƙo yake fara nema. An gina ta a siffarta ta yanzu a farkon daular Ming, cikin shekarun 1370, kewayenta ya kusa kilomita 14, tsayinta kuma ya kai mita 12, faɗin samanta kuwa ya isa a ba da hayar kekuna mutane su zaga a kai. Mutumin da ya tashi yana ganin abin da ya rage na badalar Kano ba zai hau wannan ganuwa zuciyarsa ta zauna lafiya ba, kuma na ɗauki lokaci ina tunanin yadda gini yake rayuwa idan an bar shi cikin harkar mutane ta yau da kullum. Amma a sama baƙi ne irina suka fi yawa, kowa da wayarsa a hannu yana ɗaukar hoto, saboda haka ban sami abin rubutawa sosai ba sai da na sauko.

A ƙasa, tsakanin ganuwar da ramin ruwan da ya kewaye ta, akwai dogon lambun shaƙatawa, kuma a nan ne 'yan birni suke. Da sassafe tsofaffi suna motsa jiki a hankali cikin sahu, wasu sun rataye kejin tsuntsayensu a reshen bishiya, wasu sun kewaye mutum biyu masu buga darar Sinawa suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, can gefe kuma wata ƙungiya tana rera waƙoƙin Qinqiang, wasan gargajiyar Shaanxi mai ɗaga murya. Akwai wani dattijo da na riƙa tarar da shi a wuri guda. Yana zuwa da bokitin ruwa da wani dogon burushi mai tsawon sanda, ya tsoma shi a ruwan ya riƙa rubuta haruffan Sinanci a kan daɓen dutse, yana ja da baya yana rubutu, kafin ya kai ƙarshen layi haruffan farko sun soma bushewa suna ɓacewa. A rana ta uku ya miƙo mini burushin ba tare da ya ce komai ba, na rubuta harafin da ke nufin mutum, wanda zane biyu ne kacal, sai ya kama hannuna ya nuna mini cewa zane na biyu yana farawa da sauƙi ne ya ƙare da nauyi. Abin da na shigar a littafina ranar shi ne cewa dattijon ya zaɓi wannan wuri ne saboda daɓensa mai laushi ne kuma mai duhu, yana nuna ruwa sosai, alhali a zanena na zaɓi daɓe ne saboda launinsa a takarda kawai.

A wannan lambu ne kuma na gane babban kuskurena. Sanyi ya riga ya shigo, kuma na lura duk kujerun da ke gefen inuwa babu kowa a kansu, tsofaffi sun jeru ne a jikin bangon da ke fuskantar kudu, wasu ma sun zo da ƙananan kujerunsu na naɗewa daga gida, suna gusawa kaɗan-kaɗan yadda rana take gusawa. Ni kuwa na fito ne daga ƙasar da inuwa ce babbar kyautar da za a yi wa mai zama a waje, shi ya sa na cusa dukan kujerun dandalina ƙarƙashin bishiyoyin da ba sa zubar da ganye, a arewacin wani dogon gini. Na tsara wa mutanen Xi'an wurin zama da idon mutumin Kano. Daga baya na fahimci dalilin da ya sa aka cika titunan birnin da bishiyar da suke kira guohuai, wadda take ba da inuwa a zafin bazara, domin Xi'an ma tana da zafi mai tsanani, sannan ta zubar da ganye a hunturu ta bar rana ta sauko.

Unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, wadda take bayan wata tsohuwar hasumiya da ake kira hasumiyar ganga, na riga na san ta saboda sallar Juma'a a babban masallacin layin Huajue, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 742 Miladiyya, kuma gininsa irin na Sinawa ne mai farfajiya bayan farfajiya. Amma da can ina shiga ne in fita da sauri. A makonnin nan biyu na koyi barin babban titin Beiyuanmen da hayaniyarsa in shiga lungunan da mazauna suke cin abinci. A can na zauna cin paomo, wanda ake kawo wa mutum gurasa mai tauri da kwano, ya gutsuttsura ta da hannunsa ƙanana-ƙanana kafin a mayar da kwanon madafa a zuba romon rago da siririyar taliya, a kawo da tafarnuwa mai zaƙi-zaƙi a gefe. Na yi gaggawa na yaga tawa manya-manya, sai matar da ke karɓar kwanuka ta dawo mini da nawa, ta nuna mini na wani tsoho da ke kusa, wanda gutsattsarinsa ba su wuce ƙwayar wake ba. Na sake zama na kusan rabin sa'a ina gutsura, kuma a wannan zama ne tsohon ya tambaye ni ƙasata, da ko ana azumi a can, da shekarun mahaifina. Sinancin da nake ji a aji ya sha bamban da harshen Shaanxi da yake yi mini, amma na fi riƙe kalmomin da na koya a kan wannan tebur fiye da na jarrabawa.

Ba zan ɓoye cewa tafiya a ƙafa tana da nata nauyi ga baƙar fata a can ba. An sha ɗaukata hoto ba tare da an nemi izinina ba, yara sun sha nuna ni da yatsa suna kiran laowai, wato baƙo, kuma sau ɗaya a jirgin ƙarƙashin ƙasa wani mutum ya tashi daga kusa da ni a yanayin da ba na shakkar ma'anarsa. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu ban ga uzurin da zan ba shi ba. Sai dai yawan fita ya koya mini rarrabewa tsakanin kallon raini da kallon mamaki, na kuma ga cewa na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba, musamman daga mutanen karkara da suka zo ziyara kamar yadda na zo. Idan na gaishe su da Sinanci, yawancin kallon yakan koma tambaya, tambayar kuma ta koma hira. Wani ɗan'uwana ɗalibi da ya kulle kansa a ɗaki saboda kallo bai taɓa samun damar ganin wannan rabe-raben ba, ya koma gida da labari guda ɗaya tak game da mutane masu ɗimbin yawa.

Hawan dutsen Huashan ya zo ne daga baya, a watan Mayu, tare da abokan karatuna Sinawa su biyar. Dutsen yana da nisan kimanin kilomita 120 gabas da Xi'an, ɗaya ne daga cikin manyan duwatsu 5 da Sinawa suke girmamawa tun zamanin da, kuma ƙololuwarsa ta kudu ta haura mita 2,150. Akwai motar igiya mai kai mutum sama, amma ɗalibai sun fi son al'adar hawan dare, a tashi daga haikalin Yuquan da ke gindin dutsen bayan duhu ya yi, a isa ƙololuwar gabas kafin fitowar rana. A bakin hanya mata suna sayar da safar hannu mai arha da tocila. Abokaina duk suka saya, ni kuwa na ce ba na bukata, domin a tunanina safar hannu ta masu jin sanyi ce.

Sa'o'in farko hanya ce mai hawa kaɗan-kaɗan a cikin kwari, na yi gaba na bar su, ina jin ƙarfi a jikina. Wata abokiyar karatunmu, wadda ta fi kowa tafiya a hankali, ita suka sa a gaba, kuma ba su yarda wani ya wuce ta ba. A lokacin na ɗauki hakan a matsayin jinkiri. Da muka kai Qianchi Zhuang, wani tsagin dutse mai ƙunci wanda aka sassaƙa masa matakala fiye da 300 kusan a tsaye, na gane amfanin abin da na raina. Kowace matakala ba ta ɗaukar dukan tafin ƙafa, dole mutum ya kama sarƙar ƙarfe ta dama da ta hagu ya ja jikinsa, ga mutum a samansa ga mutum a ƙasansa, ba wurin juyawa. Sarƙar tana da sanyi da danshi, kafin in kai tsakiya tafin hannuna ya saɓule, cinyoyina kuma suna rawa saboda gudun da na yi a kwari. Na tsaya cak, layin da ke bayana ma ya tsaya. Babu wanda ya yi tsaki. Wata murya daga ƙasa ta ce jiayou, kalmar da ke nufin a ƙara mai, wadda suke faɗa wa duk wanda ake son ya daure, sai wasu suka amsa har sama. Wani mutum da ban taɓa ganin fuskarsa da kyau ba ya cire safar hannunsa ɗaya ya miƙo mini ta gefen ƙafata.

Daga ƙololuwar arewa na koma bayan abokiyar nan tamu na bi takunta, kuma a nan ne idon ɗalibin tsara birane ya buɗe. Na lura cewa a duk inda numfashi yake ƙarewa akwai ɗan fili da aka faɗaɗa, ko rumfar mai sayar da ruwan zafi da kokwamba da taliyar kwali, kuma farashi yana hawa yadda dutsen yake hawa, abin da ba wanda zai yi ƙorafi a kansa idan ya ga 'yan dakon da suke hawa da kayan a kafaɗa. Waɗanda suka sassaƙa hanyar sun san inda ɗan'adam yake gajiya, domin su ma da ƙafa suka bi ta. A mashigar Jinsuo sarƙoƙi sun cika da makullai da jajayen ƙyallaye da mutane suke ɗaurawa domin fatan alheri ga iyalansu, kuma har wannan cunkoson an bar masa wurin da mai ɗaurawa zai tsaya ba tare da ya tare mai wucewa ba.

Mun isa ƙololuwar gabas da sauran duhu, iska tana kaɗawa, mutane sun lulluɓe da manyan rigunan soja da ake bayarwa haya. Da lokacin asuba ya yi na gaya wa abokaina zan yi salla. Ɗayansu ya buɗe filas ɗinsa ya sirka mini ruwan zafi da na gora domin alwala, sauran kuma suka tsaya a jere suka tare mini ɗan wuri a bayan wani dutse har na idar, alhali babu Musulmi ko ɗaya a cikinsu, kuma tsayuwar ta sa sun rasa wurin da suka kama a gaba domin kallon rana.

Bayan mun dawo na sake zana dandalin tun daga tushe, karo na uku ke nan. Na mayar da kujeru jikin bangon da ke fuskantar kudu, na sa su suna kallon juna yadda masu dara za su iya ajiye allonsu a tsakiya, na canza bishiyoyin zuwa masu zubar da ganye, na bar wani sashe na daɓen fili mai santsi da duhu ba tare da na ɗora masa komai ba, na kuma raba 'yar matakalar shiga gida biyu da wurin hutawa a tsakani da ƙarfen riƙewa a kowane gefe. Malamar ta bi zanen da yatsa daga ƙofa har ƙarshe, ta tsaya a kan filin da na bari, ta tambaye ni na mene ne. Na gaya mata labarin dattijo mai burushi. Ta gyaɗa kai, sannan ta tambaye ni inda zai ɗebi ruwan da zai cika bokitinsa, na ɗauki fensir na soma neman wurin da famfo zai zauna.