Abin da awon fili ke koya wa mutum game da alwatika

Lissafin alwatika, wato siffa mai gefe uku, ba shi da wuya a aji. Ka ninka gindi sau tsayi, ka raba biyu, ka samu girman fili. Wajen da ake tuntuɓe shi ne bakin aiki, kuma kusan kullum a kan kalmar nan ta tsayi. Tsayin alwatika ba gefen da ya karkata ba ne. Layi ne da ke sauka daga ƙololuwa ya faɗi a kan gindi a miƙe, da kusurwar digiri 90. Babu turke a kansa, babu kunya, babu shinge, shi ya sa mai awo ke kasalar nemansa ya ɗauki gefen da idonsa ke gani.

Ɗauki gona mai gefe uku: mita 130, mita 140, mita 150. In aka ɗauki 140 a matsayin gindi, tsayin gaskiya mita 120 ne, girman gonar murabba'in mita 8,400. Wanda ya yi amfani da gefen 130 zai samu 9,100, wato ya ƙara 700 da babu su a ƙasa. Wannan ya fi fuloti ɗaya na ƙafa 50 da 100, wanda bai wuce murabba'in mita 465 ba. A rabon gado ko ciniki, irin wannan kuskure haƙƙin wani ne ke salwanta.

In neman tsayi ya gagara, saboda shuka ko rami, akwai hanyar da ake jingina wa Heron na Iskandariyya, wani masanin lissafi na zamanin da, wadda gefe uku kawai take buƙata. Haɗa su, ka raba biyu: 210. Cire kowane gefe daga 210, ka samu 80, 70 da 60. Ninka 210 sau 80 sau 70 sau 60, sannan ka nemi lambar da in an ninka ta sau kanta za ta ba da wannan jimla. Kalkuletar waya za ta nuna maka 8,400 daidai.

Darasin da ya fi wannan nauyi shi ne gefe huɗu ba sa tsayar da siffar fili. Da yawa sukan haɗa gabas da yamma su raba biyu, su yi wa kudu da arewa haka, sai su ninka. Wannan hanya ba ta yin daidai sai kusurwoyin duka digiri 90 ne. In ba haka ba, ƙari take yi, ba ta taɓa ragi. Fili mai mita 40 a kowane gefe, in kusurwarsa ta matse zuwa digiri 60, girmansa kusan 1,386 ne, ba 1,600 ba. Maganin shi ne a ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, fili ya rabu alwatika biyu, a lissafa kowace daban. Alwatika kuwa, da zarar an san gefenta uku, siffarta ta tsaya cak. Dalilin da ya sa kafinta ke gicciya katako a rufi ke nan.

A harsashin gini, magina sun san uku, huɗu, biyar: daga kwanar da igiya biyu suka haɗu, auna 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗayar, in tsakanin alamomin ya ba da 5, kwana ta yi sukwaya. Matsalar ita ce yin ta da ƙafa 3 da 4 sannan a miƙa igiya har ƙarshen fuloti. Kuskuren digiri 1 kacal yakan zama kimanin santimita 52 bayan mita 30, katanga ta shiga filin maƙwabci. Gara a yi da ƙafa 30, 40, 50, kuma da tef na ƙarfe, don igiyar leda tana miƙewa a rana. A riƙe tef a kwance sosai ko da ƙasar gangare ce. In an gama kafa turaku huɗu, a auna gicciye biyun. A fuloti 50 da 100, kowane ya zama ƙafa 111.8.

Kusurwoyin alwatika uku kullum digiri 180 suke haɗawa. Wanda ya auna biyu ya ciro ta ukun da lissafi ya jefar da damar gane kuskurensa. A auna dukansu a haɗa. In an samu 176 ko 183, a koma kan turaku.

Haka wajen sayen kwano. Ɗaki mai faɗin mita 8 da tsawon mita 10, in rufin ya tashi mita 3 a tsakiya, kowane ɓangare gangarensa mita 5 ne. Kwanon zai rufe murabba'in mita 100, ba 80 na daɓe ba, kuma ba a sa bakin rufin da ke leƙowa waje da hawan da kwano ke yi wa juna ba tukuna.