Tafiyar ƙafa ga ɗan gudun da ya daɗe bai fita ba

Wanda ya saba gudun safe a kewayen filin wasa na Pantami, idan targaɗe ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi na wata ɗaya ko biyu, yakan dawo da zumuɗin ɗorawa daga inda ya tsaya. A ganina wannan zumuɗin ne ke sake kwantar da mutane da dama a nan Gombe, kuma abin da ya kamata su fara da shi, wato tafiyar ƙafa, shi ne suka fi rainawa, domin suna ganin aikin dattawa ne.

Sassan jiki ba sa farfaɗowa a lokaci ɗaya. Idan mutum ya daina motsa jiki, cikin makonni kaɗan ruwan jininsa yakan ragu, zuciya kuma ta rage yawan jinin da take turawa a kowane bugu, shi ya sa yake haki a nisan da a da bai ɗauke shi a bakin komai ba. Wannan ɓangaren yana dawowa da wuri. Amma agara da sauran jijiyoyin da ke riƙe da gwiwa da idon sawu ba sa samun jini sosai kamar tsoka, don haka su da ƙashi sukan ɗauki watanni kafin su sake yin ƙwari. Sai ɗan gudu ya ji numfashinsa ya daidaita, ya ƙara nisa, alhali ƙafarsa ba ta shirya ba, daga nan ciwon ƙwauri ko na dunduniya ya taso.

A gudu akwai lokacin da ƙafafu biyu suke barin ƙasa gaba ɗaya, saboda haka duk saukar da mutum ya yi, ƙafarsa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau 2 zuwa 3. Mai kilo 70 ke nan yana ɗora wa ƙafa guda kilo 140 ko fiye a kowane taku. A tafiya kuwa kullum ƙafa ɗaya tana ƙasa, nauyin bai wuce na jiki da yawa ba, ga shi jini yana zagayawa, jijiyoyi suna samun aiki daidai ƙarfinsu.

Sai dai ba irin tafiyar zuwa kasuwa nake nufi ba. Ana son sauri wanda mutum zai iya magana da abokin tafiyarsa amma ba zai iya rera waƙa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 aƙalla na irin wannan motsi a mako, kuma minti 30 a kwana biyar ya cika lissafin. Hanya mai ɗan tudu tana ƙara wa zuciya aiki ba tare da dukan ƙafa ba. Idan an yi haka har mako biyu ko uku babu ciwo, sai a fara sirka minti 1 na sassarfa da minti 4 na tafiya, ana ƙara gudun sannu a hankali. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, da irin wannan sirki ya yi suna wajen horar da masu gudun dogon zango, don haka babu abin jin kunya a ciki.

Tafiya ba za ta dawo da tsohon sauri ba, wannan sai gudun kansa. A zafin Maris da Afrilu gara a fita bayan sallar asuba, da takalmi mai kyau ba silifa ba, kuma a riƙa lura da yadda ƙafa ta wayi gari washegari. Tsamin jiki da ke wucewa bayan an ɗan taka ba matsala ba ne, amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa idan an danna, yana iya zama ƙaramar tsagewa, kuma wannan likita ne ya kamata ya duba kafin a sake fita.